Ɗalibai Bakwai da Ƙofa Biyu: Darasin Aikin Tare Daga Masu Ƙera Wasan Bidiyo

  

Na san da aka ce laccar yau a kan wasan bidiyo ce, ba za a rasa dattijon da ya ce a ransa yau kuma shiririta aka kawo mana jami'a ba. Ban ga laifinsa ba. Abin da ya saba gani shi ne yaro ya duƙufa a kan waya yana buga gem, a aike shi ya manta saƙon. To, masu bugawa mun bar su sai wani jiƙon. Yau masu ƙerawa ne a gabanmu, musamman ɗaliban da suka haɗa kai suka ƙera wasa tun suna makaranta.

Ga dalilin da ya sa na zaɓi wannan batu. Duk wanda ya yi jami'a ya san yadda aikin rukuni yakan kaya. Malami ya raba mutum goma-goma, mutum ɗaya ya kwana yana rubutu, sauran tara su kawo suna da lambar rajista da kuɗin buga takarda. Wasan bidiyo ba ya karɓar wannan dabara. Yana buƙatar mai rubuta manhaja, da mai zane, da mai tsara matakan wasa, da mai haɗa sauti, da wanda zai riƙe jadawali ya bi kowa bashin aikinsa, wato furodusa kamar yadda 'yan fim ke kiransa. Idan mai zane ya yi barci, allo zai fito fayau. Idan mai manhaja ya yi ha'inci, jarumin wasan zai ratsa bango ya faɗa inda babu ƙasa. Ranar da aka kunna, asirin kowa a fili yake.

Bari in ba ku labarin da na gina wannan lacca a kansa. A garin Redmond da ke jihar Washington ta Amurka akwai makaranta mai suna DigiPen, wadda ke ba da digiri a fannin ƙera wasannin kwamfuta. A can ana haɗa ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fitar da wasan da za a iya zama a buga. A 2005 wasu ɗalibai bakwai 'yan ajin ƙarshe, cikinsu har da wata matashiya mai suna Kim Swift, suka kammala nasu. Sun kira rukuninsu Nuclear Monkey Software, wasan kuma Narbacular Drop. Sunan ƙirƙirarre ne, sun zaɓe shi don duk wanda ya neme shi a intanet ya faɗa kansa kai tsaye.

Labarin wasan gajere ne. Wata gimbiya ce aljani ya kulle a kurkuku, ga shi ba ta iya tsalle. Abin da kawai take da shi shi ne ikon sa a buɗe mata ƙofa biyu a jikin bango ko ƙasa ko rufi. In ta shiga ta ɗaya, sai ta fito ta ɗayar, komai nisan da ke tsakaninsu. In ta leƙa ta wannan, za ta hango abin da ke gaban waccan. Shi ke nan. Babu runduna, babu tarin makamai, zanen ma duhu-duhu ne, ba abin a zo a gani ba.

A ranar da makarantar ke baje kolin ayyukan ɗalibai ga kamfanoni, ma'aikatan Valve, kamfanin da ya yi wasan Half-Life, suka ga wasan. Suka gayyaci yaran ofishinsu da ke Bellevue, maƙwabciyar Redmond. Shugaban kamfanin, Gabe Newell, ya kalli abin da suka zo da shi, nan take ya yi musu tayin aiki su duka. A watan Oktoba na 2007 aka fitar da Portal, wanda suka sake ginawa a kan wancan tunani na ƙofa biyu. A 2008 ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a babban taron masu ƙera wasanni. A 2012, da gidan adana kayan fasahar zamani na New York, wato MoMA, ya zaɓi wasanni 14 na farko da zai adana, Portal na ciki. Haka ma wasan flOw, wanda ya samo asali daga aikin digiri na biyu na Jenova Chen a Jami'ar Kudancin Kalifoniya.

Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a kai ita ce, me ya sa aka ɗauke su su bakwai? Valve na da ƙwararrun da suka fi yaran nan gogewa nesa ba kusa ba. A tawa fahimtar, abin da Newell ya gani ya wuce ƙofofin. Ya ga mutum bakwai da suka iya yarda da tunani ɗaya, suka raba aiki, suka yi saɓani suka shirya, suka kai abu ƙarshe a kan lokaci. Gwani ɗaya ana samun sa da talla a jarida. Tawagar da ta riga ta saba da juna kuwa ba a sayar da ita a kasuwa. Kuma kada a ce dace ne, domin abin ya maimaita kansa. Wasu ɗaliban DigiPen sun yi wasa mai suna Tag: The Power of Paint, inda fenti ke sauya halin bango da ƙasa, wani ya sa ka gudu, wani ya cilla ka sama. Su ma Valve ta ɗauke su, tunaninsu ya shiga Portal 2 a 2011.

To, me irin waɗannan tawagogi suke yi daidai?

Abu na farko shi ne rage buri. Bahaushe ya ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Cutar da ta fi kashe ayyukan ɗalibai ita ce a zauna a taron farko kowa ya zuba mafarkinsa: wannan yana son birni guda, wancan yana son tseren mota, wata tana son labari mai rassa goma. Zangon karatu ya ƙare, babu ko ɗaya da ya tashi. Ku dubi gimbiyar nan da aka hana tsalle. Hanin nan shi ne ƙarfin wasan, domin ya tilasta wa mai bugawa ya yi tunani da ƙofa, ya kuma tilasta wa masu ƙerawa su tatsi tunani ɗaya har ƙarshensa.

A Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh, a 2005 ɗin dai, ɗalibai huɗu sun kai wannan horo maƙura. Suka sa wa kansu doka cewa kowane wasa mutum ɗaya zai yi shi, cikin ƙasa da kwana bakwai, a kan jigo ɗaya da aka amince. A zango guda suka fitar da wasanni fiye da 50. Mafi yawansu an manta da su, amma ɗaya, Tower of Goo na Kyle Gabler, shi ya girma ya zama World of Goo a 2008. Ku lura, kowa shi kaɗai yake gini, amma tare suke zaɓen jigo, tare suke duba aikin juna. Ashe aikin tare ba ya nufin kowa ya tsoma hannu a kowace tukunya.

Wannan ya kawo mu kan abu na biyu, yawan mutane. Mun gaji karin maganar da ke cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya, mun kuma gaji gayya. A gayya kowa da fartanyarsa da kunyarsa, in an ƙara mutum goma gonar za ta ƙare da wuri. Aikin manhaja ya saɓa da haka, domin aikin kowa a saƙe yake da na ɗan uwansa. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya nuna a littafinsa na 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya makara yakan ƙara masa latti. Lissafin ba wuya. Tsakanin mutum bakwai akwai hanyoyin magana 21. Tsakanin mutum 20 kuwa 190 ne, kuma kowace hanya kafa ce ta rashin fahimta. Saboda haka tawaga ƙarama, wadda kowa ya san abin da ke wuyansa da ranar da zai miƙa shi, ta fi taron yuyuyu.

A cikin tawagar akwai wani mutum da ba a cika yaba masa ba, shi ne mai kawar da uzuri. A 1961 kamfanin DEC ya ba cibiyar MIT kwamfuta samfurin PDP-1. Wasu matasa, ɗalibai da ma'aikata, suka yi shawarar yin wasan jiragen sama jannati biyu masu harbin juna. Steve Russell, wanda ya ɗauki nauyin rubutawa, ya yi ta jan ƙafa, yana cewa ba shi da wasu ƙananan manhajojin lissafin kusurwa. Abokinsa Alan Kotok bai tsaya gardama ba, ya je DEC ya karɓo su ya dire masa. Uzuri ya ƙare, wasan, wato Spacewar!, ya fito a 1962. Daga nan Peter Samson ya zuba masa taswirar taurari ta gaskiya, Dan Edwards ya sa wa wani tauraro da ke tsakiyar allo ƙarfin janyo jirage. Kowa ya kawo abin da ya fi iyawa ya ɗora a kan na wani.

Abu na uku shi ya fi ɗaci, wato miƙa aikinka ga baƙo ka yi shiru. Mun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan sana'a kuwa baƙo ne ke ganin yoyon, domin wanda ya gina mataki ya riga ya san mafita, ba zai taɓa ɓata a cikinsa ba. Masu Portal sun riƙa zaunar da mutane suna bugawa a kai a kai tun wasan yana ɗanye, su kuma suna kallo. Da suka ga tarkacen da ke cikin ɗakuna yana ruɗa mutane, suka share, suka mai da wurin fararen ɗakunan gwaji, yadda ido zai faɗa kan abin da ke da amfani. Da suka ga mutane na barin wani akwati da ake buƙata a baya, suka sa masa alamar zuciya, suka sa muryar kwamfutar da ke cikin labarin ta yi ta maganarsa kamar aboki. Akwatin nan ya zama ɗaya daga abubuwan da aka fi tunawa da su a wasan. Gwaji yana kuma kashe gardama. In mutum biyar a jere suka maƙale a wuri ɗaya, ba sauran wanda zai ce ra'ayinsa aka raina. Gani ya kori ji.

Ƙannena, na san abin da ke ranku: can Amurka ce, mu nan wuta ma sai an yi sa'a, ga tsadar data. Gaskiya ne, kuma ba zan rufe ku ba, babu Valve a bayan katangar makarantarku. Sai dai yaran DigiPen da kansu suka gina injin wasansu, ku kuwa akwai manhajojin Godot da Blender kyauta, kuma kwamfutar cinya matsakaiciya tana ɗaukar ƙaramin wasa. Batun ma ba sai an je nesa ba. Ga dara, gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, dokokinta kakanni sun gama gwada su a gindin bishiya. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku jawo wata daga sashen zane da wani mai kunnen sauti, kada ku tsaya 'yan kimiyyar kwamfuta zalla. Ku rubuta wa ke da alhakin me, da wa ya mallaki me, tun ana shiri da juna. Ku ba kanku mako shida. Sannan ku kai wayar wurin dattijon da ya ƙware a dara, ku miƙa masa, ku kama bakinku ku kalli inda yatsansa ke tuntuɓe.

Wataƙila wasan ba zai kawo muku ko sisi ba. Amma za ku fita daga jami'a da mutum huɗu da kuka san aikinsu, suka san naku, kun taɓa fara abu tare kun gama shi. Irin wannan tawaga Gabe Newell ya gani a 2005, ya ƙi yarda ko mutum ɗaya daga cikinta ya kuɓuce masa.

Iyayenmu malamai, roƙona gare ku guda ne: in za ku ba da maki, ku ce a kunna aikin a gabanku, ku tambayi kowane ɗalibi ya nuna inda hannunsa yake.