Bawul Ɗin Lagireto: Jawabi Ga Ɗaliban Boɗinga Da Shagari



A Ingila da Jamus, inda sanyi ke kashe mutum, da ruwan zafi ake ɗumama ɗakuna. Kowane lagireto na ɗaki yana da bawul mai rage ruwan ko ƙara shi, kuma na zamani har da batir da ɗan inji a kansa, ana ba shi umurni ta wayar hannu. Amma in ɗaki ya ƙi ɗumi bayan watannin zafi, sau da yawa ba wayar ce da laifi ba. Wani ɗan tsinken ƙarfe ne a ƙarƙashin kan bawul ɗin ya cije saboda daɗewa a rufe. Sai a kwance kan, a danna tsinken. In ya shiga ya dawo da kansa, lafiyarsa lau. In ya ƙi, a ɗan bubbuga jikin bawul a hankali har ya saki.

To, jama'a, mu a nan ba mu neman ɗumi, amma ɗan'uwan wannan bawul yana cikin motocin da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Boɗinga da Shagari, tun zamanin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna. Kaki ne a cikinsa. In ruwan inji ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, sai kakin ya narke ya kumbura, ya buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto. In ya huce, sifirin ya rufe ta.

A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, mota na soma tafasa sai bakanike ya ce a cire shi a yar, wai na ƙasar sanyi ne. Ban yarda da wannan ba. Injin da aka raba da bawul yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubar hunturu, ya sha mai, ya ci jikinsa. Motar zamani kuwa kwamfutarta za ta ɗauka inji da sanyi, ta yi ta ƙara masa fetur. Kuma wataƙila ainihin cutar na nan ba a taɓa ta ba.

Ku fara da abin da ido ke gani, bayan inji ya huce: ruwa ya cika? Akwai yoyo? Bel ya saki? Fanka na juyawa? Ƙura da ƙaiƙayi sun toshe fuskar lagireto? Ku duba murfinsa ma, domin matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120. Kada wanda ya buɗe shi inji na da zafi, tururin yana saɓule fata.

Sa'an nan a tayar da inji a taɓa tiyon sama. In allura ta hau ja alhali tiyon na da sanyi, bawul ya cije a rufe. In tiyon ya soma ɗumi tun farko, allura kuwa ta ƙi tashi, a buɗe ya cije, ko an riga an cire shi. Mai shakka ya fitar da shi ya sa a tukunyar ruwa bisa wuta. Lambar zafin da zai buɗe tana rubuce a jikinsa. In ruwa ya tafasa bai motsa ba, a sayi sabo mai lamba ɗaya da shi, a wanke lagireto, a daina ɗura masa ruwan rijiya zalla, don shi ne ke barin tsatsa da farin dattin da ke sa bawul cijewa.