Amanar da Ke Cikin Faranti: Jawabi a Bikin Yaye Matasan Masu Binciken Cututtukan Ƙwaƙwalwa

 

Mai girma shugaban taro. Iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Shehunan malamai, likitoci da ma'aikatan jinya. Iyaye maza da mata da kuka yi sammako daga garuruwa daban-daban. Da ku 'ya'yanmu da ƙannenmu da ake yayewa yau, ina yi muku barka da wannan rana. Na gode wa hukumar wannan cibiya da ta ga cancantata ta tsayar da ni a gabanku.

Zan fara da kakata, Allah ya jiƙanta. Ita ce ma'ajiyar tarihin gidanmu. Ta san wanda ya auri wa, da shekarar da aka yi kowace fari. Sannu a hankali sai ta fara tambayar ko an yi azahar, a amsa mata, ta sake tambaya. Daga baya ta riƙa kiran mahaifina da sunan ƙaninta da ya daɗe da rasuwa. Muka ce gigin tsufa ne. Maƙwabta wasu suka ce sammu, wasu suka ce iska. Na san a wannan zaure akwai gidaje da yawa masu irin wannan labari, kuma na san akwai tsofaffin mata da aka jefa da kalmar maita alhali ciwo ne ke cinsu.

Ciwon yana da suna. A 1901 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya karɓi wata mata mai shekara 51 a asibitin Frankfurt, Auguste Deter, wadda mantuwa ta rikita. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta a madubin likita, ya ga dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zaruruwa a cukurkuɗe a cikinsu. Yau mun san furotin biyu ne, amiloid da tau. Tun kafin shi, a 1817, James Parkinson ya bayyana cutar karkarwa a Landan, wadda daga baya aka gano tana zuwa ne idan ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin suka mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, irin namu.

Me ya sa aka shekara fiye da ɗari ana fama? Domin ƙwaƙwalwa ba ta taɓuwa. Likita yana iya ɗibar jini, ya yanki tsokar fata, amma ba ya buɗe kan mai rai ya ɗebi ƙwayoyin jijiyarsa don bincike. Abin da ake gani bayan mutuwa kuwa toka ce. Gobarar ta riga ta cinye, ba a ga inda ta tashi ba. Sai aka koma ga ɓeraye, aka warkar da su da magunguna iri-iri, magungunan suka zo kan mutum suka gaza.

Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma haka masana suka ɗauki ƙwayar halitta: in ta zama fata, ta zama ke nan har abada. A 1962 John Gurdon na Ingila ya ɗauki cibiyar ƙwayar hanjin talibambam ya sa a ƙwan kwaɗo da aka cire wa tasa, sai ga sabon talibambam yana iyo. Wato ƙwayar da ta girma ba ta yar da komai daga littafin halittarta ba, rufe shafukan kawai ta yi. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto a Japan ya tace ƙwayoyin gado 24 har ya tsaya kan huɗu, waɗanda in aka sa su a ƙwayar fatar ɓera sukan mayar da ita ɗanya, ta koma ƙwayar tushe mai iya zama kowace irin ƙwaya ta jiki. A 2007 aka yi haka da fatar mutum, a 2012 Gurdon da Yamanaka suka karɓi kyautar Nobel. Tun a 2008 masu bincike a Amurka suka ɗauki fatar wata tsohuwa mai shekara 82 da ke da cutar ALS, mai kashe jijiyoyin motsi, suka samar da jijiyoyin motsinta a farantin ɗakin gwaji. A 2013, a birnin Biyana, Madeline Lancaster da abokan aikinta suka raini curin ƙwayoyi mai kwaikwayon farkon ginuwar ƙwaƙwalwa. A 2018 kuma aka fara dasa wa masu cutar Parkinson ƙwayoyin dofamin da aka samo ta wannan hanya a Kiyoto.

Iyayenmu, wannan ita ce sana'ar da 'ya'yanku suka koya. Za a ɗebi jinin mai ciwo 'yan cokula, su mayar da ƙwayoyinsa tushe, su bi da su mataki-mataki har su zama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ɗauke da gadon mutumin nan sak. Sa'an nan su zauna su kalli yadda gobarar take tashi.

Ku kuma 'ya'yana, kun san abin da wannan aiki yake ci. Ƙwayar tushe jaririya ce. Tana son ɗumi na maki 37, da iskar kabon kashi 5 cikin 100, da sabon abinci kusan kullum. Ba ta san Juma'a ba, ba ta san ranar Salla ba. Hannu ɗaya da bai sha barasar gogewa ba ya isa ya kawo ƙwayar cuta ta gama da aikin wata uku. Ni kaina na taɓa shiga ɗakin gwaji da asuba na tarar wuta ta ɗauke cikin dare, janareta bai tashi ba, injin raino ya huce. Ƙwayoyin wani dattijo ne da ya ba mu jininsa hannunsa na rawa. Ranar na yi kuka, sa'an nan na ciro wasu daga ma'ajiyar ruwan naitirojin, inda sanyi ya kai maki 196 ƙasa da sifiri, na fara daga farko. Wata rana kuma, bayan watanni, za ku leƙa madubi ku ga ƙwayoyin sun miƙa rassa sun riƙe juna suna aika saƙo. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ya san dalilin da aka ce mai haƙuri yakan dafa dutse.

Saboda haka ina ɗora muku amana uku.

Ta farko, amanar mai jinin. A 1951 an ɗebi ƙwayoyin wata baƙar fata, Henrietta Lacks, a Baltimo ta Amurka ba da saninta ba; duniya ta amfana da su shekaru da dama kafin iyalinta su ji labari. Kada haka ta faru a hannunku. Ku zauna da mutum da iyalinsa, ku yi musu bayani da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci har su gane cewa ƙwayoyin za su iya rayuwa bayan ransa. In ya ce a'a, ku yi godiya ku tashi. In ya amince, ku rufe sunansa kamar yadda kuke rufe asirin gidanku.

Ta biyu, amanar gaskiya. Faranti ba ƙwaƙwalwa ba ne. Mayar da ƙwaya tushe yana goge mata alamun shekaru, don haka jijiyar ɗan saba'in takan fito kamar ta ɗan tayi, mu kuwa ciwon tsufa muke nema. Ku faɗi wannan iyaka a duk inda kuka tsaya. Ku maimaita gwaji da ƙwayoyin mutane da yawa, ku rubuta wanda ya ƙi kamar yadda kuke rubuta wanda ya yi. Kada ku gyara hoto, kada ku yi wa mai jinya alkawarin maganin da bai zo ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a kimiyya kuma marasa lafiya ne ke faɗawa ciki.

Ta uku, amanar gida. Mafi yawan ƙwayoyin tushe da ke ma'ajiyun duniya na Turawa ne, alhali babu nahiyar da ta kai Afirka bambancin gado. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ya nuna cewa nau'in gado na APOE4, mai ƙara haɗarin cutar Alzheimer sosai ga Turawa, tasirinsa bai kai haka ba ga Yarabawan Ibadan. A 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 mai ƙara haɗarin Parkinson ga 'yan asalin Afirka. A Damaturu ma an kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, bisa jagorancin Mahmoud Bukar Maina, don irin wannan aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku je ko'ina ku ƙaro ilimi, amma ku dawo, domin in jininmu bai shiga faranti ba, za a ɗinka magani da awon wasu.

Ga hukumomi da masu hannu da shuni, roƙona a fili yake: wutar sola da batir da ba sa yankewa, saurin fitar da sinadarai daga tashar jirgi kafin zafi ya lalata su, da albashin da zai riƙe matashi a gida. Ga iyaye, musamman na 'ya'ya mata, Allah ya saka muku da alheri. Ku ci gaba da yi musu uzuri ranar da aiki ya fitar da su ana tsakiyar biki.

'Ya'yana, kakata ta rasu ba ta san sunana ba. Gobe da safe idan kun ɗaga murfin faranti, ku tuna kakar wani ce a ciki, kuma jikokinta suna jira.

Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu ladan haƙuri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.