Jawabin Buɗe Ajin Fili da Lambun Kimiyya

 

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban taro, wakilin Ma'aikatar Ilimi, shugaban makaranta da malamansa, iyayenmu maza da mata da suka baro gonaki da kasuwa domin wannan zama, da ku 'ya'yana ɗalibai, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Da takardar gayyata ta iso mini, an rubuta cewa za a buɗe sabon aji. Na zo ina ɗaga kai ina neman rufin kwano da sabon fenti, sai aka zagaya da ni bayan ɗakin taro, aka nuna mini gindin gawo, da kututture goma sha biyu na zama, da shingen kara, da komaye a jere, da wata 'yar kwalba a kan sanda. Aka ce ga ajin nan. Na yi dariya, domin na koyar da kimiyya shekaru masu yawa a tsakanin bango huɗu, kuma irin wannan ajin ne na rasa.

Ranka ya daɗe, bari in tona asirin kaina. A farkon aikina akwai ranar da na cika allo da bayanin yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, ruwa da iska. Yara suka kwafe tas. Ina shirin fita sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, kakana ya ce a tambaye ka, me ya sa gawo ke kakkaɓe ganye da damina, lokacin da kowace bishiya ke tofo?" Na ce masa wannan ba ya cikin manhaja. Gaskiyar maganar ita ce ban taɓa lura ba, alhali kullum a gindin gawo nake jingine kekena.

Sai daga baya na je na koyo. Saiwar gawo tana nitsawa can ƙasa inda ruwa yake, don haka da rani, lokacin da sauran itatuwa suka yi fayau, shi yake kore shar, dabbobi su sha inuwa, su ci 'ya'yansa, su bar taki. Da damina kuma ya zubar da ganyen, rana ta sami gero, ganyen ya ruɓe ya zama abincin ƙasa. Gawo dangin wake ne da gyaɗa, masu ajiye ƙwayoyin halitta a saiwa, waɗanda ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na nesa da shi zangarniya. Tsohon nan ya san sakamakon, ni na san sunan sinadarin, amma jikansa da ke tsakaninmu bai sami wanda zai haɗa masa su ba.

Wannan haɗin shi ne aikin filin da muka zo buɗewa. 'Ya'yana, idan gyaɗarku ta yi fure, ku tumɓuke guda ɗaya, ku karkaɗe ƙasar, za ku ga ƙananan ƙulli a jikin saiwa. Ku tsaga ɗaya da reza. In cikinsa ja-ja ne, to ana kan aiki a ciki. Ku ɗaure farar leda a reshen darbejiya da safe, ku dawo bayan azahar ku ga raɓar da ta taru, sannan ku tambayi kanku daga ina ruwan ya fito. Waccan kwalbar kuwa ma'aunin ruwan sama ce. Duk milimita ɗaya da ta nuna, lita ɗaya ce ta zuba a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Ku auna rufin ajinku, ku buga lissafi, ku ga durom nawa ke kwarara ta indararo a dare ɗaya, a garin da mata ke layi a bakin famfo a watan Maris. Akwai kuma sanda da aka kafa tsaye a tsakiyar fili. Ku riƙa auna inuwarta da tsakar rana. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, za ku ga inuwar ta shige ƙarƙashin sandar, don rana ta daidaita da tsakar kanmu. Ɗalibin Ingila ba zai taɓa ganin haka a ƙasarsu ba, sai dai a littafi.

Na san abin da wasu iyaye ke faɗa a zuci: boko muka kawo yaro, in noma ne ai akwai gona a gida. Kuna da hujja, kuma mu malamai ne muka ba ku ita. Mun daɗe muna mai da fartanya da lauje kayan horo, wanda ya makara shi ke yankan ciyawa. Yaya yaro zai so ƙasa alhali bai taɓa riƙe ta ba sai yana kuka? Ina roƙon shugaban makaranta, a gaban Hakimi, kada a taɓa turo mai laifi cikin lambun nan. Abin da ya raba wannan fili da gonar gida kuwa littafi ne da biro: a duba, a auna, a rubuta kwanan wata, a sake gwadawa. Yaron da ya saba da haka, ranar jarrabawar WAEC ko NECO ba zai ruɗe don an ajiye masa ganye a kan tebur ba.

Kada kuma a raina inda irin wannan lura ke kai mutum. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami ne a nan Jihar Jigawa, ya dubi yadda randa ke sanyaya ruwa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Yayin da ruwan ke bin iska, yana tafiya da zafin da ke ciki, kayan miya su daɗe ba su lalace ba, ba wuta ba janareta. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex. A ƙasar Maraɗi kuma, tun daga 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman yankin suka lura cewa tsirin da ake sassabewa kowace shekara kututturen itatuwa ne masu rai. Suka fara barin reshe biyu uku suna gyara su. Abin da ake kira sassaben zamani ke nan, kuma ya dawo da itatuwa a miliyoyin hektoci a Nijar ba tare da dashe ba.

Mu a nan, babban darasin yana ƙofar gidanmu. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru tana karɓar tsuntsaye daga Turai kowane hunturu, har ana zuwa Dagona daga ƙasashen waje don kallonsu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, wani gari na kukan ambaliya, na gaba na kukan fari. Tsuntsun jan-baki ya sami maɓoya a cikin kacallar, manomin shinkafa ya kwana yana kora. Wa zai gane wannan ƙulli in ba ɗan da ya tashi a bakin ruwan, ya kuma iya awo ba? Tafiya zuwa can tana buƙatar mota da izinin iyaye da duba yanayin hanya, amma ina fatan a yi ta ko sau ɗaya a shekara, kuma da 'yan mata a ciki. Su ke ɗebo ruwa, su ke neman itace, sun riga mu sanin wace rijiya ce ke ja da baya.

Saura gargaɗi ɗaya. Na halarci bukukuwan dashen itace da dama inda manya suka durƙusa aka ɗauki hoto, kafin sati biyu awaki sun yi walima. Dashe ba ya mutuwa ranar biki, a hutun ƙarshen zango yake mutuwa. Don haka a rubuta sunan kowane ɗalibi a jikin nasa dashen, a tsara masu ban ruwa lokacin hutu, maƙwabta kuma su taimaka da ɗaure dabbobi. Malamai su fito da yara da sanyin safiya, da takalma a ƙafa, kada a cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. Dattawan gari masu sanin sunan kowace ciyawa da lokacin zuwan shamuwa, a gayyato su su zauna a kan kututturen nan su koyar, kafin su tafi da saninsu.

Ina godiya ga iyayen da suka kawo kara da taki, da malaman da suka haƙa komaye da hannunsu. Allah ya saka da alheri, ya ba mu damina mai albarka.

Da izinin mai girma Hakimi, na buɗe wannan aji da sunan Allah. Yanzu sha biyu ta gota, rana na gab da tsakiya. Ina roƙon mu tashi mu nufi gindin sandar can. Shugabar ɗalibai ta ɗauko tef, shugaban ɗalibai ya buɗe shafin farko, ranka ya daɗe kuma ka karanta mana tsawon inuwar a rubuta.