Wa Za Ka Kai Wa Kukanka? Zaɓen Mai Ba da Shawara a Karu



Ba zan tsaya kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu ba, wadda ta maye gurbin ta 1958. Kun san ta, kun kuma san likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba. Abin da ya dame ni shi ne matar Jikwoyi ko direban Nyanya da barci ya ƙaurace wa, tunani ya yi wa yawa. Wurin wa za su je?

Na daɗe ina jayayya da abokan aikina masu cewa sai mai babban digiri ne zai iya ba da shawara. Su dubi Zimbabwe. Dakta Dixon Chibanda ya horar da dattijai mata, ma'aikatan lafiya na unguwa, suka riƙa zama kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa. Zama shida ake yi, a ɗauki matsala guda a warware ta, sannan a shiga ta gaba. An gwada tsarin da mutum 573, aka buga sakamakon a 2016. Bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna bencin ne ke da alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna ba kuwa kusan rabi. Dattijan nan sun samu horo, suna bin tsari, akwai mai duba aikinsu, kuma da harshen Shona suke magana da jama'arsu. Wannan shi ne ma'aunina.

Saboda haka kafin ka buɗe wa mutum cikinka, tambaye shi wa ya horar da shi, wa ke duba aikinsa, zama nawa za ku yi, kuma nawa ne kuɗin. Tambaye shi ko zai riƙe maka sirri, domin wanda zai kai maganar mace ga mijinta ko surukarta ba da saninta ba ya ci amana. Idan kana jin muryoyi ko tunanin kashe kanka, mai ba da shawara na ƙwarai zai miƙa ka ga likita nan take, ga sashen masu wannan lalura a Babban Asibitin Karu.

Wasu za su ce addu'a ta wadatar. Addu'a da neman magani ba sa karo. Amma ku tuna Rigasa a 2019, inda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu a cikin mari, daga gidan da ake kira na gyaran tarbiyya. Duk mai sa mari ko bulala, a guje shi.

Buƙatata ga hukumar Abuja ita ce: a horar da ma'aikatan asibitocin Karu, Nyanya, Kurudu da Jikwoyi su yi wannan aiki da Hausa da Gbagyi, a kuma liƙa sunayen masu ba da shawara da ke da rajista a ƙofar kowane asibiti.