Nima: unguwar da ke ciyar da Accra

Yau Gana za mu leƙa, unguwar Nima da ke Accra.

Da na ce wa direban tasi ya kai ni Nima, sai da ya waiwayo ya dube ni, ya ce in riƙe wayata da kyau. Haka ake kallon unguwar: cunkoso, manyan kwatami, 'yan daba. Cunkoson kam gaskiya ne, ba zan ɓoye muku ba. Amma ina sauka na ji wata uwa tana ƙwala wa yaro kira da Hausa, ga kiran sallar Azahar ta ko'ina. Wallahi sai na ji kamar a Fagge nake.

Hausar tasu ce ta ɗan ɗaure min kai. Ba ruwansu da "ita", mace ma "ya zo" ake ce mata. Kuma ba duk Hausawa ba ne. Akwai Zabarmawa, Fulani, Dagomba, Mossi, Kotokoli, Hausa ce dai ta haɗa su.

To mu zo kan abinci, don na san shi kuke jira. Kun san waakye, abincin da duk Gana ke alfahari da shi? Sunan daga "wake" ya fito, shinkafa da wake ce. Karan dafi suke sakawa a tukunya, shi ya sa take yin jajawur. A zuba a ganye, a ɗora taliya, garin rogo, dafaffen ƙwai, ganda, sannan shito, wani baƙin yaji mai kifi. Mai sayarwar ta ce min, "Ɗana, kaɗan ko da yawa?" Na ce da yawa. Kuskure ke nan! Hawaye na riƙa yi, ita kuma tana ta dariya.

Da safe kuwa koko da ƙosai, can "Hausa koko" ake ce masa. Tuwo kuma "tuo zaafi", da miyar ayoyo.

Abin da ya tsaya min a rai, mutum zai ci waakye kullum a Accra, amma ya ce ba zai taka Nima ba. Alhali a nan Mohammed Kudus ya fara buga ƙwallo.

In za ku je, ku je ran Laraba, ranar kasuwa ce. Kuma shiton nan, ku ce kaɗan. Sai mako mai zuwa.