Gyaran Tsohuwar A-kori-kura Kafin Kakar Tumatir



Maganarmu ta yau a kan mota ce, watau tsohuwar a-kori-kurar nan da ke kwashe muku kaya daga bakin kanal zuwa Kwanar Gafan, ko kasuwar 'Yankaba a cikin Kano. Wani zai ce ina ruwan malamin gona da aikin bakanike? Da ruwansa mana. Shinkafa in mota ta lalace sai ta jira a buhu. Tumatir kuwa ba ya jira. Wanda aka tsinka da yamma, in ya wuni a gefen titin Zariya cikin rana ana neman bakanike, kafin a isa kasuwa na ƙasan kwando ya zama ruwa, wahalar wata uku ta tafi a banza.

An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974. A 1975 kuma kamfanin Peugeot, wanda muke kira Fijo, ya fara haɗa motoci a Kaduna. Noman raninmu da motar nan kusan tare suka tashi. An daina haɗa 504 a Kaduna a 2006, don haka duk wadda kuka gani tana aiki yau ta kwana biyu. Da ita zan ba da misali, amma mai tsohuwar Toyota ko Nissan shi ma ya saurara, yawancin maganar ta shafe shi.

Abu na farko shi ne lokaci. Kada ka bari sai watan Janairu, tumatir ya nuna, sa'an nan ka ce za ka sauke inji. Lokacin da ya dace shi ne tsakiyar damina, kamar Agusta, sa'ad da shinkafa ke gona, mota ba ta da aiki sosai. Bakanike zai yi aikinsa a tsanake, kai ma ba ka tsaya masa a ka ba kana cewa a haɗa haka nan.

Kafin a kwance ko da kusa ɗaya, a duba ciwon tukuna. Hayaƙin salansa yakan faɗi gaskiya. In shuɗi ne, inji na ƙona baƙin mai, ringi ko bawul sun ci. In fari ne mai yawa wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto kullum yana raguwa, to ruwa na shiga silinda, yawanci gasket ne ya ƙone. In kuwa baƙi ne, fetur ne ya yi yawa, laifin kafireta ne ko matatar iska ta toshe, wannan bai kai a buɗe inji ba. Zaro sandar awon baƙin mai ka duba. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi, kada ka ƙara tayar da motar. Sa'an nan ka sa bakanike ya cire fulogi ya auna matsin kowace silinda da agogon awo. Ya kamata huɗun su zo kusan daidai. Bakaniken da ya ce shi da kunne yake ganewa, ba ya bukatar awo, ka gode masa ka ƙara gaba.

To, in awo ya nuna sai an buɗe, injin 504 yana da wani alheri. Ramin da fistan ke hawa da sauka a cikinsa hannun riga ne na ƙarfe da ake zarewa, makanikai na ce masa silif, ruwa na zagaye shi ta waje. Ba sai an kai gangar inji an ƙwaƙule ta ba. A zare tsofaffin, a sa sababbi tare da fistan da ringinsu, inji ya koma kusan yadda ya fito. Amma fa a nan ake yawan yin ɓarna. A gindin kowane silif akwai abin toshe ruwa, lalle a sa sabo. Kuma in an ɗage kan inji, kada a juya karanshaf sai an danne silif ɗin, in ba haka ba za su motsa, bayan sati biyu ka ga ruwa cikin baƙin mai. Kan injin na alminiyam ne, zafi na lanƙwasa shi. A ɗora masa ƙarfe miƙaƙƙe a gani. In ya karkace a kai a goge shi, don sabon gasket ba ya zama a kan karkataccen kai.

Karanshaf ma a auna shi. In ya ci, a kai wa masu yanka, a sayo metal daidai da yankan da aka yi. Metal da bai dace ba shi ne ƙwanƙwasar da kake ji da safe. Famfon baƙin mai da sarƙar taimin, tun da inji na ƙasa, a duba su yanzu. Ka je Kofar Ruwa tare da bakanikenka, ku riƙe tsohon kayan a hannu ku gwada da sabon. Jabu ya yi yawa, kwalinsa ma ya fi na gaske kyau. Ka karɓi rasit, kuma ka ce a ajiye maka duk abin da aka cire.

Wasu za su ce maimakon wannan wahala a sayi injin Beljiyam a ɗora. Wani lokaci hakan ya fi, musamman in gangar inji ta tsage. Sai dai ka sani shi ma tsoho ne, ba ka san wanda ya more shi ba. A tayar da shi a gabanka, a auna matsinsa kafin ka biya. In na wata mota ne daban, sai an yi ƙira kafin ya haɗu da giya, kuma yawancin matsalar daga wurin ƙirar take fitowa. In ka canja inji, ka je ofishin lasin a gyara lambar inji a takardunka, kada a tsare ka a hanya da kaya a baya.

Yanzu sai abin da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. Tun da an raba inji da giya, a sa sabon faifan kuloc da abin matse shi da boris ɗinsa gaba ɗaya, kuɗin aiki ɗaya ne. A zubar da tsohon man giya da na aksul ɗin baya, a duba ko da garin ƙarfe a ciki. Ka shiga ƙarƙashin mota ka kama farfela ka girgiza. In tana wasa, mahaɗarta ta ci, kuma farfela in ta tsinke a guje tana iya kifar da mota. Motar da ke ratsa ruwa a hanyoyin gona, a riƙa duba man aksul ɗinta, ruwa na shiga.

Ga maganar da na fi so ku riƙe. Da yawa in sun gyara inji sai su ƙara ganyen sifirin biyu ko uku a baya, wai mota ta ƙara ƙarfi. Sifirin ya hana ta durƙushewa, gaskiya ne. Amma aksul ɗin nan shi ne na da, boris na da, birki na da. An yi motar don kaya kamar ton ɗaya, watau buhun taki 20 mai kilo 50. Ka ɗora mata 35, ga mutane a sama, za ta tashi, amma tsayawa fa? Kuɗin ƙarin sifirin gara ka sa shi a birki: sabon takalmin birki, robobi, bututun da ya tsufa, da sabon man birki. Sai taya mai ɗaukar kaya, ba ta ƙaramar mota ba.

In kana son ƙari mai amfani, ka fara da sanyaya inji. A wanke lagireto ko a sa mai layi da yawa, a canja famfon ruwa da fanbel, a gyara agogon zafi ya riƙa aiki. Kada ka ɗebi ruwan kanal ka zuba a lagireto, laka ce ke toshe shi, kuma yana cin alminiyam. Ruwan sama da aka tace ya fi, a haɗa da maganin lagireto. Sai matatar iska. Aikinmu na rani da ƙurar hunturu tare suke zuwa, ƙura kuwa in ta shiga silinda kamar yashi take goge ringi. Mota ba matata, sabon inji ba zai ga rani biyu lafiya ba. A kakkaɓe ta kowane sati. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kafireta mai zubar da mai ta zama ɓarawo a gida, a gyara ta a daidaita wuta. Mai sha'awar mayar da mota kan gas na CNG ya je wurin da aka amince da su, kada a ɗaura masa tukunyar gas ɗin girki. Ya kuma tuna nauyin tukunyar daga cikin kayan da zai ɗauka za a cire shi.

In an haɗa inji, kada ka yi masa lodi ran nan. Kilomita 1,000 na farko a tafi a hankali, kaya kaɗan, ba gudu, ba jan mota a babbar giya tana shaƙewa. Daga nan a koma wurin bakanike a zubar da baƙin mai, a canja matatarsa, a sake ɗaure kusoshin kan inji da sifana mai awo, a daidaita bawul. Zirga-zirgar Kura zuwa Kano ta sati biyu ko uku ta isa cika wannan. Shi ya sa na ce a fara a Agusta, don kafin a yanke shinkafa mota ta gama koyon tafiya.

Ka sayi ɗan littafi ka ajiye a mota, ka riƙa rubuta ranar da aka zuba baƙin mai da abin da aka canja. Waɗanda suka haɗa kuɗi suka sayi mota ta ƙungiya, ku ba mutum ɗaya tuƙi, ku ba wani dabam littafin. Mai tambaya sai ya ɗaga hannu, mu fara da mutanen Bunkure tun da su ke da nisan komawa.