Daga Akwatin Wasiƙunku: Littafin Zane Na Ɓata Yaro?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Sara, cikin ƙaramar hukumar Gwaram. Wani bawan Allah mai fataucin hatsi ya ce ya tarar da ɗansa da wani littafi wanda duk shafinsa zane ne, ga 'yan sanda, ga ɓarayi, ga wani jirgi yana ratsa taurari. Ya ce ya karɓe ya ajiye, yana tambaya: ya ƙona shi ne, ko ya mayar masa?

To Malam, kada ka ƙona tukuna. Dakata ka ji.

Wannan shi ake kira katun, wato labari ne da ake bayarwa da zane, rubutu kaɗan. Kuma zane ba baƙo ba ne a ƙasarku. Nan kusa da kai a Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai shanun da mutanen da suka zana a jikin dutse tun kafin kakannin kakanninmu, har yau baƙi na zuwa kallo. Hukuncin zana mai rai kuwa fagen malamai ne, ka tambayi limaminku. Ni abin da ke cikin littafin zan yi maka bayani.

Da farko yadda ake karanta shi, don wanda bai saba ba sai ya ga kamar hargitsi ne. Shafin a yanke yake gida-gida kamar fangalin lambu. Ka fara daga gidan sama na hagu ka yi dama, sannan ka sauko, yadda ake karatun boko. Wannan abu mai kama da ƙwarya a kan mutum, maganarsa ce a ciki, ɗan wutsiyar kuma na nuna bakin mai maganar. In ka ga ya yi kamar gajimare, to tunani yake, bai furta ba. Rubutun da ke cikin akwati a sama, muryar mai ba da labari ce. Amma na ƙasar Japan, su daga dama suke farawa su yi hagu, kamar ajami, ka ga almajiri ba zai ɓata ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne tsakanin gida da gida. Nan ka ga ɓarawo a bakin katanga, gida na gaba ka gan shi cikin rumbu. Ba a zana haurawar ba, yaron ne ya cike ta da kansa. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne, mu da muka koyi aikin malanta mun san darajarsa.

Labarin bincike, wanda ka gani da 'yan sanda, ya daɗe. A Amurka an fara Dick Tracy a jarida tun 1931. Mu nan kuwa, dattawan da suka yi makaranta wajen 1968 zuwa 1972 za su tuna mujallar African Film ta kamfanin Drum, da gwarzonta Lance Spearman, wanda ake ce wa Sifiya. Shi hotuna ne na mutane, ba zane ba, amma tsarin ɗaya ne. A irin wannan labari an yi ɓarna, ba a san wanda ya yi ba, mai bincike na bin alamu ɗaya bayan ɗaya. Kai manomi ka san wannan. In an shiga gona da dare, ai sawu ake bi, a duba inda aka karya kara, a duba ko takalmi ne ko kofato. Mai zanen kirki yakan ɓoye alamar a cikin hoton, yaro mai lura ya riga ɗan sandan ganowa. Sai dai fa gaskiya, Sifiya da sigari da kwalba yake yawo, ba kowane halinsa ne abin koyi ba.

Mai jirgi cikin taurari kuma, shi ne ƙagaggen labarin kimiyya. Bambancinsa da tatsuniya, a tatsuniya aljani ne ke kai ka, a nan na'ura ce. Wani mai zane ɗan ƙasar Beljiyam, Hergé, ya kai yaronsa Tintin duniyar wata a littafin da ya fito 1954, mutum bai taka wata ba sai 1969. A shekarar 1969 ɗin ce kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da ya tafi sararin samaniya. Ba katun ba ne, amma da Hausa yake, kuma in ɗanka ya so jirgin nan, wannan zai so. Ta ɓangaren ɓarayi kuma akwai Da'u Fataken Dare na Tanko Zango. Wani abu guda: littafin Tintin na Kwango ya wulaƙanta baƙar fata, shi ban ba ka shawara ba.

'Yan Nijeriya ma sun shigo. Wale Adenuga ya fara Ikebe Super a 1976, amma wannan barkwancin manya ne. A 2013 aka kafa Comic Republic a Legas, sannan Roye Okupe ya fito da Malika a 2017, labarin sarauniya mayaƙiya da ya ɗauko hasken sa daga Amina ta Zazzau. Cikas ɗin shi ne yawancinsu da Turanci suke, kuma a waya aka fi samunsu. Amma ga ɗan firamare wannan cikas riba ce, domin hoton na fassara masa kalmar da bai sani ba.

Yanzu ga abin da za ka yi, Malam. Wasu littattafan don manya aka yi su, da jini da tsiraici, ba na musu. Ba sai ka iya Turanci ba kafin ka tantance, ido ya isa. Bayan sallar la'asar ka zauna ka buɗe shafi-shafi har bango. In ka ga abin da ba za ka iya kalla tare da shi ba, riƙe abinka, ka nema masa wani wurin masu tsofaffin littattafai a Sabon Garin Kano ranar da ka kai kaya. In babu, kira shi ya karanta maka da Hausa, ka tambaye shi wa ya yi satar, kuma ta yaya aka gane. Ka sa masa lokaci, bayan makarantar allo da aikin gida da ban ruwan dabbobi.

In ya karanta maka, ka rubuto mana yadda kuka ƙare. Wasiƙa ta gaba daga Birnin Kudu take, kan maganin ƙwarin wake, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.